Rigar Da Ba Ta Taɓa Yi Min Yawa Ba

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙon "don Allah ki bar Auta ta ci abinci", na ji ku. Da a hannuna abin yake, da tuni ta share tukunya ta nemi ƙari. Masu cewa aljanu ne kuma ku yi haƙuri, babu aljani ko ɗaya a labarin nan. Cuta ce, likitoci sun san ta. Mun tsaya inda aka sallamo ta daga asibiti, ga ta nan ta ɗora da bakinta.

*

Kwana huɗu da sallamo ni, na sa shuɗiyar rigata, sai ta matse ni.

A tsaye nake gaban durowar kaya. Zif ɗin ya hau da ƙyar, ɗinkin ya kama ni a haƙarƙari. Ban ko sauke numfashi ba ta yi magana.

"Kin gani ko? Kwana huɗu kacal."

Likita ce ta ce in sa mata suna, wannan muryar da ta shekara biyu a cikin kaina tana hana ni cin abinci. Ta ce idan tana da suna zan riƙa bambance maganarta da tawa. Na sa mata Mai Awo. Ba ta ɗaga murya, ba ta zagi. A hankali take magana dab da kunnena na hagu, kamar mai ba ni shawara tsakani da Allah.

Sharuɗɗan likita suna manne a jikin firij. Ci sau shida a rana. Wani ya zauna da ni har in gama, ya ƙara rabin awa don kada in zagaya banɗaki. An ɗauke sikeli, an juya madubin ɗakina yana kallon bango. Ranar Litinin zan koma. Idan nauyina ya ragu ko yaya ne, gado za a mayar da ni a zura min roba ta hanci, don ta ce zuciyata ba za ta ƙara jure wani wasan ba.

Sun ɗauke sikeli, sun juya madubi, sun manta da riga. Ni kuwa dama da riga nake awo.

Ƙarfe ɗaya Yaya ta turo ƙofa da ƙafa, faranti a hannunta. A kantin magani take aiki, hutun awa ɗayan da ake ba ta shi take ƙonawa a kaina kullum, ta zo a guje ta koma a guje.

"Ranki ya daɗe, ga abinci," ta ce. "Shinkafa ce da ƙwai. Ba ni na dafa ba, don haka za ta ciwu."

Na kalli farantin. Na kalli bango.

"Na ƙoshi."

"Da me? Da iska?"

"Yaya, yau dai ki bar ni."

Ta ajiye farantin a kan gado, ta cire takalmi, ta zauna ta harɗe ƙafa. Na san zaman nan. Idan Yaya ta cire takalmi, babu inda za ta.

"Jiya kin ci. Shekaranjiya kin ci kina kuka, amma kin ci. Me ya faru yau?"

"Babu komai."

"Ke ce ke magana ko waccan matar?"

Ina jin haushin yadda take gane mu.

"Auta, Litinin saura kwana uku. Kin san abin da ke jiranki."

"Rigar ta matse ni."

"Wace riga?"

"Wannan. Kwana huɗu kawai na yi ina ci, dubi yadda ta kama ni. Idan na yi wata fa? Idan na yi shekara?"

Ta zuba min ido tun daga wuya har ƙafa. Na ga ta buɗe baki za ta faɗi abin da kowa yake faɗa, cewa na zama tsinke, cewa iska za ta ɗauke ni. Sai ta fasa. Idonta ya tsaya a kan rigar.

"Wannan ba ita ce wadda Umma ta ɗinka mana iri ɗaya ba?"

"Ita ce."

"Da awo ɗaya ta yanka su. Har faɗa muka yi, kika ce na ɗauke taki."

"To?"

"To ni tawa har yau tana shiga ta. Ni da nake cin abinci kamar an aiko ni."

Ta miƙe ta fita ba takalmi. Ina jin ta tana watsa kaya a ɗakinta. Ta dawo da tata rigar a kafaɗa.

"Cire."

"Yaya..."

"Cire na ce. Zan juya baya."

Na cire, na lulluɓe jikina da zanen gado. Ta shimfiɗa tata a ƙasa, ta ɗora tawa a kai, ta daidaita wuya da wuya, kafaɗa da kafaɗa.

Tsawo ɗaya. Yadi ɗaya. Amma tata ta fito ta kowane gefe da faɗin tafin hannu, har da ƙari. Tawa tana kwance a tsakiya kamar 'yar tata.

Muka zuba musu ido. Har Mai Awo ta yi tsit.

Yaya ta durƙusa ta juya rigar ciki waje.

Layin ɗinki huɗu ne a kowane gefe, suna jere, kowanne ya fi na bayansa shiga ciki. Na farko zarensa shuɗi ne, ya koɗe. Na biyu da na uku baƙi. Na huɗu fari tas, sabo, ko wanki bai gani ba. Har da ɗigon alli a gefensa. An ninke ragowar yadin an kwantar da shi da guga, yadda ba za ka taɓa jin sa a jiki ba.

Na san hannun. A ƙarshen kowane layi an koma baya sau uku, kuma tela ɗaya na sani a duniya da ke yin haka.

Yaya ta buɗe durowa ta fara zaro kaya tana juyawa. Siket, layi uku. Doguwar riga mai ruwan ƙasa, layi huɗu. Wandon barci ma bai tsira ba.

Shekara biyu. Duk sanda na ji riga ta fara yi min sako-sako, sai Mai Awo ta sassauta, ta ce to, yau ki ɗan ci rabin burodi. Sai a yi wanki. Umma ta kwashe kayan ta sauka da su shagon ɗinkinta, ta ce dutsen gugar can ya fi zafi. Su dawo a ninke suna ƙamshi. In sa, in ji sun kama ni. Mai Awo ta ce, kin ga abin da rabin burodi ya yi miki?

Sai in rage. In ƙara ragewa.

Har na fara zaton kaina ne ya taɓu. Sikeli yana cewa ina sauka, riga tana cewa ƙarya yake yi. Na yarda da riga, don ita ce take manne da ni.

"Ba ni taki," na ce wa Yaya.

Na zura rigarta, na ɗauki tawa, na nufi matakala. Sai da na dafa bango sau biyu kafin in kai ƙasa.

Shagon Umma a ƙasan gidanmu yake, ƙofarsa tana kallon titi. Tana kan keken ɗinki, ta ba mu baya, babbar rigar aikin nan tata mai maɓallai har wuya tana jikinta kamar kullum. Kofin shayinta na nan a gefe, ba madara. Babu kowa sai mutum-mutumin da take gwada kaya a kansa, tsaye a lungu ba kai.

Na ajiye rigar a kan yadin da take ɗinkawa.

Keken ya tsaya.

Ta daɗe tana kallon layukan. Sannan ta zare alluran da ke bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a jikin soso.

"Rufe ƙofar," ta ce wa Yaya.

"Ke kika yi?" na tambaye ta.

"Ni na yi."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Me ya sa?"

"Kaya suna rataye a jikinki kamar an sagale su a ƙusa. Kina fita ana bin ki da kallo. Mata su zo nan su zauna, su ce wai me ke damun 'yarki, ko wani ciwon ne kuke ɓoyewa. Na tambaye ki, kin ce lafiyarki ƙalau. Na sake tambaya, kika daina zama a shagon gaba ɗaya."

"Sai kika rage min kaya."

"Na ce idan sun zauna a jikinki, ido zai bar ki ki huta. Ko kya samu ki warke ba a sa ki a baki ba."

Yaya ta ce, "Umma, Abba ma bai gane ba sai ranar da ta yanke jiki ta faɗi. Ni ma ban gane ba. Kullum tsaf muke ganin ta."

"Abin da na so ke nan."

"Shi ya sa ba mu kai ta asibiti da wuri ba."

Umma ta sunkuyar da kai. Ta ɗauki wani guntun zare a kan gwiwarta tana naɗe shi a yatsa.

Na duba tef ɗin awon da ke rataye a jikin keken.

"Ba ki taɓa auna ni ba. Shekara biyu ban bari tef ya taɓa ni ba. Ta yaya kike sanin inda za ki sa alli?"

Ta ci gaba da naɗe zaren a yatsa.

"Umma, ta yaya?"

"Kina gaishe ni duk safiya."

Sai da na yi jim kafin in gane. Duk safiya idan na sauko gaishe ta, sai ta jawo ni ta rungume, ta daɗe, ta sa hannu a bayana ta gangaro da shi har ƙugu. Abu ɗaya ke nan a ranar da Mai Awo ba ta sa baki a cikinsa. Ina sauka matakala don shi.

"Awo kike yi."

"Hannuna ne ya san aikinsa. Ba na ce masa ya yi ba."

"Awo kike yi, ni kuma ina tsaye kamar sakarya ina jin daɗi."

"Auta, ba haka ba ne."

"Kin san abin da nake yi duk sanda na sa riga na ji ta matse ni? Kin sani? Kwana biyu nake yi ruwa kawai. Nakan ce ni ce na yi laifi. Nakan tsaya gaban madubi in ce wa kaina, ke ba ki da zuciya, ko yunwa ba ki iya ba. Layi huɗu, Umma. Kowane layi na san watan da kika yi shi, don na san watan da na daina cin me."

Ta ɗago. Ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata haka ba, kamar an zare mata jini.

"Da riga kike awo?"

"Da me zan yi? 'Yar wa ce ni?"

Ta dafe bakin teburi. Can ta ce, "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ni ɗinki kaɗai na iya. Na ga abu ya lalace a gabana, na gyara wanda hannuna zai kai."

"Farin zaren fa? Na yaushe ne?"

"Kina asibiti. Na ce kada ki dawo ki sa kaya su zube miki ki ji tsoro."

Na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Ke nan ba shinkafar kwana huɗu ba ce. Na so in ji sanyi a raina, amma Mai Awo ta riga ta farfaɗo.

"To yanzu da me za ki gane?" ta raɗa min. "Babu sikeli, babu madubi, babu riga. Gara ki tsaya haka har ki tabbatar."

Na toshe kunnena na hagu da hannu. Yaya ta gani, ta matso kusa da ni.

"Farke shi," na ce wa Umma.

"Wanne?"

"Duka."

Ta ɗauki reza. Ta fara da farin. Tsit shagon ya yi sai ƙarar zare yana tsinkewa, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Ta gama ta shiga baƙin.

Yaya ta ce, "Allah ya sa ba ki yanke ragowar ba."

"Ba na yankewa," Umma ta ce, idonta a kan rezar. "Kun sani. Ko ta baƙo ce ba na yankewa. Jiki yana dawowa, dole a bar masa wuri."

Gaskiya ne. Tun muna yara muke jin ta tana faɗa wa masu kawo ragi haka.

Ta kakkaɓe zaren ta miƙo min. Na shiga bayan labule na sa, na fito.

Na manta akwai madubi a shago. Dogo, daga ƙasa har sama, babu wanda ya tuna ya juya shi.

Wata ce tsaye a ciki. Rigar ta zame mata daga kafaɗa ɗaya, ƙashin wuyanta ya fito kamar hannun kofi. Hannuwanta sun ɓace a cikin yadi. Idanunta sun yi zuru-zuru suna kallo na kamar tana jiran in faɗi sunanta. A bayanta mutum-mutumin nan ne mara kai, kuma ya fi ta kama da mai rai.

Na san rigar. Na san yarinyar da aka yanka wa ita, mai dariya da ƙarfi, mai satar nama a tukunya ta ce Yaya ce. Wurinta yana nan a cikin rigar, babu kowa a ciki.

Tsoro ya kama ni. Karon farko a shekara biyu da na ji tsoron wani abu fiye da abinci.

"Yaya."

"Na'am."

"Ɗauko farantin."

Ba ta tsaya tambaya ba. Ina jin ƙafarta tana tsallake matakala bibbiyu.

Na zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, farantin a cinyata. Shinkafar ta huce. Mai Awo tana ta magana, yanzu da sauri, ba irin yadda ta saba ba. Na ɗebo, na kai baki, na tauna. Kamar yashi. Na haɗiye. Na ƙara na biyu, hawaye yana shiga min baki tare da shi.

Yaya ta juya tana gyara zaruruwan da ba su buƙatar gyara, kafaɗarta tana rawa.

Umma tana tsaye nesa da ni, reza a hannu, kamar wadda aka kama da kayan sata. Har yanzu ina jin haushinta. Amma tausayinta ya fi ƙarfina.

"Umma, zo ki zauna mu ci tare."

"Ci abinki. Na ci."

Cokalin ya tsaya a hannuna.

Ba maganar ba ce. Yadda ta faɗe ta ne. Da sauri, da ɗan murmushi, ido yana kallon wani wuri. Shekara biyu ina faɗin ta haka, na san ta kamar yadda na san sunana.

"Yaushe?"

"Ɗazu."

"Me kika ci?"

"Auta, yau kuma ni za a tsare?"

Na fara lalube a cikin kaina. Umma tana zuba wa Abba. Umma tana zuba mana. Umma tana tsaye bakin ƙofar kicin tana cewa ku fara, ina zuwa. Umma tana cewa ta ƙoshi da ɗanɗanon miya. Kofin shayi a gefen keke. Na nemi rana ɗaya tak da na gan ta a zaune da faranti a gabanta har ta cinye. Na koma baya har ƙuruciyata ban samu ba.

Na ajiye farantin na miƙe.

"Zo in gaishe ki," na ce.

Ta ja da baya, amma teburi ya tare ta. Na rungume ta. Na sa hannu a bayanta na gangaro da shi yadda take yi min. A ƙarƙashin rigar aikin nan mai kauri, yatsuna suka riƙa hawa suna sauka a kan ƙashi.

"Sake ni."

Na kama maɓallan na fara ɓallewa. Ta riƙe hannuna, amma babu ƙarfi a riƙon. Mu biyun duka babu mai ƙarfin.

Rigar da ke ciki na san ta tun ina ƙarama, mai manyan furanni ja. Furanni biyar ne a gabanta, da su na koyi ƙirga. Yanzu uku ne da rabi. Aljihun gefe da take ɓoye min alawa a ciki babu shi.

Na durƙusa na juya bakin rigar. Layi ɗaya ne kawai. A bayansa babu ninki, babu ragowa. An bi shi da almakashi an yanke tas.

"Umma," Yaya ta ce, "ina sauran yadin?"

Ba ta kalle ta ba. Ni ta kalla.

"Naki zai dawo," ta ce a hankali. "Shi ya sa na bar masa wuri."

"Naki fa?"

Ta jawo rigar aikinta ta rufe ƙirjinta.

"Ci abincinki, Auta. Litinin ta kusa."

Na ɗauko farantin. Na ɗebo cokali ɗaya, ɗan kaɗan a bakinsa, na miƙa mata.

Ba ta karɓa ba, ba ta kuma kau da kai ba. Idonta ya kafe a kan cokalin. Sai na ga leɓenta yana motsi a hankali, babu sauti. Ƙwayoyin shinkafar take ƙirgawa.

Goma sha tara ne. Na riga ta gamawa.